Tsuntsun da Ya Dace da Hatimin Sarki

An ce wani sarki, a zamanin da ya shuɗe, ya so a zana tsuntsu a hatiminsa da tutarsa, domin duk wanda ya gani ya san ƙasar. Fadawa suka yi ta cacar baki, wannan ya ce gauraka, wancan ya ce jimina. Waziri ya ce shaho, tunda ba ya sunkuyar da kai ga kowa. Sarki ya ji daɗi, aka yi shela cewa daga yau shaho tsuntsun sarki ne, hannun da ya taɓa shi sarewa za a yi.

Shi kuwa shaho ina ruwansa da shela? Ya ci gaba da sana'arsa.

To, akwai wani dattijo a ƙauye, Malam Nomau, wanda jama'a ke zuwa wurinsa neman shawara. Ɗansa ɗaya ne tak, Tunau, magidanci mai kiwon kaji. Shaho ya sure masa 'yan tsaki goma sha ɗaya. Ran da ya dawo ɗaukar na sha biyu, Tunau ya wurga masa sanda, ya faɗo matacce. Dogarai suka tasa ƙeyar Tunau, aka yanke cewa ran Juma'a, da an sauko daga masallaci, za a sare hannun a bakin kasuwa.

Tun Laraba Malam Nomau ya zo ya zauna a ƙofar fada. Al'adar gidan kuwa talaka ba ya shiga sai an kira shi. Kullum mai tsaron ƙofa ya ce masa sarki na cikin babban aiki. Kun san aikin? Wai shin a zana shahon da fukafukai a buɗe ne ko a rufe. Kwana uku cur, jama'a!

Sai da aka sauko daga Juma'a gardama ta ƙi ƙarewa, wani bafade ya ce ai ga wani tsoho mai hikima a ƙofa, a tambaye shi. Aka shigo da shi, ya faɗi ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Ya kai dattijo, a buɗe ko a rufe?"

Ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, hatimin nan fada zai nuna ko ƙasa?"

"Ƙasa."

"To a zana kaza."

Fada ta ɓarke da dariya. Sarki ya murtuke, ya ce, "Kaza? Mai tonon juji?"

"Ita fa, ya sarki. Ita ke tono, wani ya ci ƙwai. In baƙo ya sauka, ita ke bakin wuƙa. In aka sure ɗanta, ta yi kuka ta kalli sama, gobe ta koma tono. Na zaga ƙasarka shekara saba'in, ban ga tsuntsun da ya fi kama da mu ba."

Dariya ta ɗauke. Sarki ya ce, "Shahon fa, wa ya yi kama da shi?"

Tsoho ya dubi fadawa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Ɗana ya kare kajinsa, yanzu haka yana bakin kasuwa, hannunsa a kan gungume."

Sarki ya zabura. Ya daka tsawa a je a hana, mahayi ya fita a sukwane. Malam Nomau ya zuba wa ƙofa ido, yana jan carbi. Ba a jima ba mahayi ya dawo yana jaye da dokin, kansa a ƙasa. An riga an sare.

Sarki ya sauko daga karaga, ya zauna a ƙasa gaban tsohon. Ya soke shelar nan take, ya ce a ba Tunau doki da riguna, a kuma fasa shahon a zana kazar a hatimin.

Malam Nomau ya share hawaye da gefen rawaninsa, ya ce, "Da wane hannu zai riƙe linzami? Shahon kuma a bar shi, ya sarki, a buɗe masa fukafukai sosai. Gara hatimin ya riƙa faɗin gaskiya."

Ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya waiwayo, ya ce, "Kwana uku ina zaune a nan. Adalcin da ya makara ba adalci ba ne, ya sarki, jaje ne."