Hujin Sandar Hakimi

Hakimi ya ƙyalla ido kan filin Nomau masassaƙi, sai ya miƙa masa sandar kakansa.

"Huda ta daga kai har gindi, huji miƙaƙƙe, siririn da ido ba ya gani. In ka kasa, filinka nawa ne."

Nomau ya jingine sandar kwana uku, ko taɓa ta bai yi ba, ya mayar.

Hakimi ya leƙa. "Kai, ban ga huji ba!"

"Haka ka ce, ranka ya daɗe. Da ka gani, ai da na kasa."

"To, yaya zan san ya miƙe?"

"Ga gatari. A tsaga sandar a duba."

Hakimi ya rungume sandar kakansa, ya ce aiki ya yi kyau.