Shari'ar Tsayuwa da Ƙafa Ɗaya

An yi wani Kunkuru a Fadamar Gwaigwaye, mai lambun albasa a bakin tafki, ga shi da tsiwa. Maƙwabcinsa Zalɓe ne, dogo, mai tafiya yana ɗaga wuya sai ka ce fadamar gadon ubansa ce. Alƙaliyarsu kuwa Mujiya, ba abin da ta tsana a duniya irin a tashe ta da rana.

Fadamar tana da wata tsohuwar doka da aka gada tun zamanin da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu kaɗai ke zaune a wurin. In rigima ta tashi, ba a neman shaida, ba a jin ba'asi. Mai ƙara da wanda ake ƙara za su tsaya da ƙafa ɗaya, wanda ya fara sauke ɗayar shi ne marar gaskiya. Mujiya tana son dokar nan kamar ranta, don sai ta sha barcinta ta ƙoshi, ta farka, ta duba wanda ke tsaye, ta yanke hukunci.

Da wannan doka Zalɓe ya ƙwace mashayar Gafiya, ya ƙwace inuwar Damo. Da albasar Kunkuru ta ƙosa kuma, sai ya tuna ai lambun ma na kakansa ne, ya kai ƙara.

Kunkuru ya ja jiki har gindin tsamiyar Mujiya.

"Ranki ya daɗe, ki dube ni da kyau," in ji shi. "In na ɗaga ƙafa uku, a rigingine zan faɗi. Shari'a kuke yi a nan ko wasan langa?"

"Haka muka tarar," in ji Mujiya, ido ɗaya a rufe.

"To waɗanda suka kafa ta ba su tambayi masu gajerun ƙafafu ba. A sake duba ta."

Mujiya ta rufe ɗaya idon. Shi kuwa Kunkuru ya shiga bin gidaje yana zuga dabbobi, har suka riƙa taruwa gindin tsamiya kullum da hantsi suna surutu. Da barci ya gagari Mujiya, sai ta ɗage shari'ar lambu, ta kafa kwamitin gyaran doka. Wa kuke jin aka ba shugabanci? Zalɓe mana. Wai tunda bai taɓa faɗuwa a kotu ba, ya fi kowa sanin doka.

Kwamiti ya yi zama bakwai, ya cinye kifi kwando bakwai. Ranar karanta rahoto Zalɓe ya gyara murya.

"Na ɗaya, daga yau a inuwa za a riƙa tsayuwa, ba a rana ba. Na biyu, kowa yana da 'yancin zaɓen ƙafar hagu ko ta dama."

"Shaidu fa?" in ji Kunkuru.

"Malam, kada ka katse ni, ba a lambu muke ba. Na uku, wanda ba ya iya tsayuwa ya ɗauki wakili ya tsaya masa. Na huɗu, wanda ya faɗi ya bar fadama, gidansa ya zama na wanda ya yi nasara."

Dabbobi suka tafa, don sun ji an ce 'yanci. Kunkuru kam bai tafa ba. Ya san masu iya tsayuwar nan Zalɓe ne da danginsa, kifi za su riƙa karɓa ladan wakilci, kuma ba wanda zai tsaya gaba da ɗan'uwansa. Da can lambu kaɗai zai rasa, yanzu har da gidan da aka haife shi. Ya shige cikin ƙoƙon bayansa ya yi kuka mai isarsa. Da ya gama, ya fito da kai, ya yi tunani, ya kama hanyar ƙetaren tafki.

Ranar shari'a ya dawo tare da wata tsohuwar Agwagwa, ta kwanta cikin ciyawa tana haki.

"Ga wakiliyata," in ji Kunkuru.

Zalɓe ya yi dariya har wuyansa ya lanƙwashe. "Wannan tsohuwar? Inna, ki koma gida, kada ki faɗi a ce ni ne."

Agwagwa ta yunƙura ta miƙe. Dariyar Zalɓe ta tsaya cak. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya leƙa ƙarƙashinta.

"Ina ɗayar?"

"Tarko ya tafi da ita shekara tara da suka wuce, ɗana," in ji Agwagwa. "In ka gan shi ka tambaye shi."

"Ranki ya daɗe, wannan maguɗi ne. Ba ta da ƙafar da za ta sauke."

"Rahotonka wakili ya ce, bai faɗi yawan ƙafafu ba," in ji Mujiya tana hamma. "A fara. Ku tashe ni in wani ya faɗi."

Aka tsaya tun hantsi. Azahar ta yi, Agwagwa ta sa kai cikin fiffike ta yi gyangyaɗi, ta farka ta nemi ruwa. Zalɓe ya fara zufa. Da la'asar ƙafarsa sai rawa take kamar karan dawa a iska, yana hango gidansa, yana hango Kunkuru na auna ƙofar da ido.

"A dakata," in ji Zalɓe. "Jama'a, wannan doka zalunci ce. Ina ruwan ƙafa da gaskiya? A soke ta, a kira shaidu."

"Ranki ya daɗe, tashi," in ji Kunkuru. "Shugaban kwamiti ya kawo gyara, ni kuma na goyi baya."

Nan take dabbobi suka amince, aka soke tsayuwa, aka soke korar. Gafiya ta shaida cewa ita ta taya Kunkuru haƙa kwarin ban ruwa. Damo ya ce kakan Zalɓe bai taɓa riƙe fartanya ba har ya mutu. Dole Mujiya ta buɗe idanu biyu ta saurara, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka naɗa ta.

Aka bar wa Kunkuru lambunsa. Kafin kotu ta tashi, Gafiya da Damo suka shigar da tasu ƙarar, mashaya da inuwa suka koma ga masu su. Zalɓe ya juya zai tafi, ashe ƙafar ta sandare, ya kifa cikin laka a gaban kowa. Agwagwa ta tsallake shi ta wuce.

Darasin wannan labari shi ne, tsufan doka ba ya mayar da ita adalci, kuma ba a damƙa gyaranta ga mai cin moriyar karkatarta. Wanda ya yanka doka daidai jikinsa, ranar da ta matse shi, shi zai riga kowa kukan a kawo adalci.