Famfon Kwanar Gawo Mai Hannu a Arewa, Baki a Kudu

Dalilin da ya sa famfon garinmu hannunsa ke wata ƙasa, bakinsa ke wata, yara, taurin kan manya ne kawai. Ku matso ku ji, ko da yake duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

A da, rijiya ɗaya Kwanar Gawo ke sha. Iyakar ƙasa ta ratsa tsakiyar gari, amma ba wanda ya damu da ita. Sai wata shekara damina ta yi gardama, rijiyar ta ƙafe. Mata suka koma ɗebo ruwan kududdufi, jajir da shi, yara suka fara kwanciya da ciwon ciki.

Ana cikin haka sai ga Injiniya Barmo da motar haƙa burtsatse. Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya tak ya rage masa. Mai unguwar kudu, Jatau, ya tare shi ya ce, "Injiniya, a wajenmu za a haƙa. Mu ne da kasuwa."

Mai unguwar arewa, Anaruwa, ya ce, "Kasuwa ake sha? Kakana ya sari garin nan!"

Haka suka yi ta yi, rana na dukan kowa. Barmo ya ba da haƙuri har ya gaji. Ya ce, "Ranku ya daɗe, ku tsai da magana, ko in wuce gari na gaba."

Ba wanda ya sassauta. Barmo ya fusata, ya kafa injinsa daidai kan layin iyaka, ya haƙa, ya ɗaura famfo, ya kama hanyarsa ko sallama babu.

Kuna tsammani sun ji kunya? Ina! Anaruwa ya ce, "Hannun a ƙasata yake, kada ɗan kudu ya taɓa." Jatau ya ce, "To, bakin a tawa yake, ku sha hannun!" Suka sa aka ja doguwar katanga ta bi ta kan famfon.

Washegari 'yan arewa suka tuƙa, ruwa ya zube a kudu. 'Yan kudu suka kawo bokitai, 'yan arewa suka saki hannun. Kowa ya koma gida da ƙishi.

Iya Tabawa, wata tsohuwa a kudu wadda jikarta ke kwance, ita ce ta ɗauko taɓarya ta huda katangar. Ta leƙa, ta hango wata yarinya 'yar arewa riƙe da bokiti, ta ce, "Ke 'yar nan, tuƙa min in cika, ki miƙo naki in tara miki. Su masu unguwa su sha katangarsu."

Shi ya sa har yau ba mai ɗebo ruwa shi kaɗai a garin nan. In ka yi faɗa da ɗan ƙetaren katanga, fushinka iyakarsa ruwan randarka. Yana ƙarewa, kai za ka je bakin hujin nan na Iya Tabawa, da bokitinka, ka fara yi masa sallama.