Fentin Tashar Ain Lauz

Akwai wani likitan haƙori a Beirut mai suna Gassan. Ya daɗe da rufe asibitinsa, furfura ta cinye kansa, amma idan ka shiga gidansa sai ka rantse yaro ne ke zaune a ciki. Ɗaki guda ya ware wa jiragen ƙasa na wasa. Tsofaffi na gwangwani da ake yi wa wani kamar agogo, waɗanda yake tsintowa a shagon abokinsa Hagop a unguwar Burj Hammud, suna jere a kanta kamar kwanukan amarya. Ba a taɓa su, ba a ma yin atishawa kusa da su.

A tsakiyar ɗakin kuwa akwai wani makeken teburi, a kansa ya gina ƙasar yarintarsa. Duwatsu na filasta, ƙasa ta garin gahawa da aka riga aka sha, itatuwa na busassun karan za'atar, wani ganye mai ƙamshi da suke ci. Layin dogo ya taso daga gefe, ya hau dutse, ya shige rami, ya ɓullo a wata 'yar tasha wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Tashar Ain Lauz ke nan, ƙauyensu. Mahaifinsa, Abu Gassan, shi ne shugabanta har yaƙi ya zo jirgi ya daina wucewa. Tun daga lokacin ba a ƙara jin kukan jirgi a kan dutsen nan ba, sai a irin waɗannan ɗakuna na tsofaffin da suka ƙi girma.

To su masu wannan harka suna da wata al'ada. A wurinsu abu mai tsabta abin kunya ne, wai kayan wasan yara ne. Gwani shi ne wanda zai gina sabon abu ya tsufar da shi har ka ɗauka ya sha ruwa da rana. A nan fa babu na biyun Gassan. Da ƙarafunan aikin haƙori yake kankare fentin bango. Ya daka gawayin shisha ya yi baƙin hayaƙi, ya jiƙa soson ƙarfe ya tatsi tsatsa, ya ɗiga ruwan shayi a ƙarƙashin tagogi ya yi zanen yoyo. Shekaru ya kwashe a kan 'yar tashar nan shi kaɗai. Baje kolin ƙungiyarsu na shekara ya matso, kuma kowa ya san wanda za a tafa wa.

Shi ma ya sani, shi ya sa ake shan wuya da shi. Idan wani ya kawo nasa aikin, sai ya ɗaga tabarau ya ce, "Ma sha Allah, jikanka ne ya taya ka?"

Amma akwai abin da ke cin Gassan a rai, wanda ba ya faɗa a ƙungiya.

A hawan da ke ƙarƙashin nasa yayarsa Nuhad take zaune, ita ke riƙe da mahaifinsu. Tsufa ya tafi da tunanin Abu Gassan. Ya san Nuhad, don ita ke ba shi abinci a baki. Gassan kuwa ya ɓace masa ƙaf. Idan ya shigo gaishe shi, sai tsohon ya gyara zama ya ce, "Maraba da Ustaz. Nuhad, kawo wa baƙo gahawa."

Wannan kalma ta Ustaz, wadda a can ake girmama baƙo da ita, tana yi wa Gassan ciwo fiye da zagi. Ba ya son komai a duniya kamar ya ji mahaifinsa ya kira sunansa, ko da sau ɗaya ne kafin ƙasa ta rufe ido. Da ya ga ba ya samu, sai ya rage sauka. Ya gwammace ya zauna da 'yar tasharsa, ita dai ba ta ce masa baƙo.

Wata rana Nuhad ta hauro da kwanon mujaddara, dafa-dukansu na shinkafa, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon teburin.

"Kai dai Allah ya shirye ka. Ka gina wa Baba tasharsa a saman kansa, ba ka taɓa nuna masa ba."

"Yaya, hannunsa rawa yake yi. Kin san aikin da ke wurin nan kuwa?"

"Na san dai gahawata ce ka zuba a kan tebur kana ce mata ƙasa. Ka hauro da shi, wataƙila wani abu ya motsa."

Wannan wataƙilar ce ta kama shi. Washegari da hantsi suka riƙo tsohon, wannan ta dama wannan ta hagu, suka shigo da shi.

Allah sarki, Abu Gassan yana ganin dutsen fuskarsa ta washe. Ya bi layin dogo da ido, leɓɓansa suna motsi. Ya ga bakin ramin ya yi 'yar dariya. Gassan ya zuba masa ido.

Sai idon tsohon ya sauka a kan tashar. Nan take dariyar ta ɗauke.

"Wa ya yi mini wannan? Wa ya bar tashata haka? Dubi bango! Dubi tagogi! Jirgi zai zo da mutane su ga wannan ƙazanta?"

Kafin a ankara ya zaro hankici daga aljihun rigarsa, ya tofa masa yawu, ya hau goge bangon tashar da ƙarfinsa.

"Baba!" Gassan ya daka tsawa, ya cafke hannunsa ya fizge. "Ka san abin da ka ɓata kuwa?"

Tsohon ya dubi hannunsa da aka riƙe, ya dubi wanda ya riƙe shi, jikinsa ya yi sanyi.

"Ka yi haƙuri, Ustaz. Ban san taka ba ce."

Nuhad ta ja mahaifinsu ta yi waje. A bakin ƙofa ta juyo, idonta ya kawo ruwa. "Mutumin da duk bazara shi ke shafe tashar nan da farar ƙasa da hannunsa, bai taɓa jiran hukuma ta aiko mai fenti ba. Kai ne ma mai riƙe masa bokiti. Ci gaba da tsatsarka, likita."

Tun daga ranar Abu Gassan ya juya wa abinci baya. Ko labna, kindirmonsu mai kauri, da man zaitun da yake so, sai ya kawar da kai. Ya manta wanda ya daka masa tsawa, ya manta ɗakin, amma bai manta bangon ba. Ya wuni yana maimaitawa, "Sun bar tashata ta lalace." Jikin da dama ba ƙwari ya ƙara zubewa, likitan da ke duba shi ya fara magana ƙasa-ƙasa da Nuhad a bakin matakala.

Gassan ya rasa sukuni. Ya shiga ɗakinsa ya zauna, burushi a hannu, ya kasa gyara wurin da hankicin ya goge. Wurin ya yi fari tas a tsakiyar baƙin hayaƙi, shi kuma ya rasa dalilin da ya sa idonsa ke komawa can.

Ana saura kwanaki kaɗan baje koli ya tafi shagon Hagop.

"Ba ni farin fenti, da kore mai haske, da ja na rufi."

Hagop ya sauke tabarau zuwa kan hanci. "Na wa? Jikanka ne zai taya ka?"

"Tashar zan shafe."

"Wace tasha? Ain Lauz? Kai Gassan, rantse da kabarin mahaifiyarka ba ka sha wani abu ba. Aikin da na ga ka tsufa a kansa? Gina wata mana, ka bar wannan!"

"Wata sai ta ci ni watanni. Baba ba shi da watanni."

Hagop ya gyara zaman tabarau. Ya juya yana lalube a kanta, yana ƙunƙuni. Can ya dire gwangwanaye a kan tebur.

"Za su yi maka dariya, ka sani. Ni ne zan fara. Wane irin kore?"

"Irin na ganyen inabi sabon tofo."

"To ba wannan ba, riƙe wancan. Kuma kada ka sake ka tsarma shi da yawa, na san halinka."

Da safe Gassan ya buɗe tagar ɗakin, ya zauna a gaban tashar. Ya tsoma burushi a farin fenti ya ɗora a kan bangon farko. Zanen yoyon da ya sha wahalarsa ya ɓace a shafa ɗaya. Wallahi sai da ya runtse ido.

Daga nan kuma abin ya zo da sauƙi. Ya shafe bango, ya yi wa murafen taga kore, ya maido wa rufi jansa. Yana cikin shafawa ya tuna warin farar ƙasa, da nauyin bokiti a hannunsa, da mahaifinsa a kan tsani yana ce masa ya daina kallon tsuntsaye. Ya tuna da tukwanen shukar rihan mai ƙamshi da ke jere a dakalin tashar, ya murza 'yan ƙanana ya jera su. Da ya gama ya ja da baya ya duba. Ta koma abin wasan yara sak, irin wanda da a hannun wani ya gan shi da ya yi masa ba'a har ya gaji.

Da la'asar suka hauro da Abu Gassan a kan kujera, don ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Suka ajiye shi daidai gaban tashar.

Tsohon ya ƙare mata kallo. Sai ya kai hannu ya ɓalla maɓallin wuyan rigarsa, ya miƙe bayansa.

"Yauwa. Haka ake tarbar mutane." Ya waiga wajen Nuhad. "Jirgin Beirut bai iso ba? Yau ake ba 'yan makaranta hutu. Gassan yana ciki."

Nuhad ta toshe bakinta da mayafi. Gassan ya yi wuf ya murɗa makunnin jirgin da ke jira a ƙasan dutse. Jirgin ya motsa, ya fara hawa, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Mai janaretan unguwa kuwa kun san shi, sai ya gama shan gahawarsa zai ba da wuta.

"Ya makara," in ji tsohon. "Bai saba makara ba. Ko lafiya?"

Gassan, wanda ko ƙura ba ya yarda a share wa jiragensa da yatsa, ya sa hannu ya kama kan jirgin. Ya tura shi a hankali ya haura dutsen, ya cusa shi cikin ramin, ya zagayo ya jawo shi ta ɗaya bakin, ya kawo shi har gaban dakali ya tsayar. Hannunsa yana kan jirgin, duk farin fenti a yatsunsa.

Abu Gassan ya dubi taragun ɗaya bayan ɗaya yana neman mai sauka. Sai ya ga hannun. Ya bi shi da ido zuwa damtse, zuwa kafaɗa, har fuska.

"Gassan?"

"Na'am, Baba."

"Ka iso?"

"Na iso, Baba."

Tsohon ya kamo fuskarsa da hannu biyu yana jujjuya ta. "Dubi yadda ka rame. Ba sa ba ku abinci a makarantar nan ne? Nuhad, ruga gida ki ce wa uwarku ta ɗora tukunya, yaron nan ya dawo."

Uwar da ta daɗe a ƙasa. Nuhad ta ce, "To, Baba," ta fita da gudu tana kuka a matakala. Gassan ya durƙusa ya kifa kansa a cinyar mahaifinsa, dattijo da furfurarsa, yana shessheƙa kamar ɗan makarantar da tsohon ke gani a gabansa.

Abin bai daɗe ba. Kafin a kira magariba ya koma Ustaz. Amma ranar tsohon ya ci abinci, kuma da hannun ɗansa ya ci. Bai kai ƙarshen sanyin shekarar ba Allah ya karɓi abinsa, sau ɗayan nan ne kuma ya kira sunan.

Darasi: Gwanintar da za ta sa ka daka wa mahaifinka tsawa ba ta kai darajar murmushinsa ɗaya ba. Idan tsufa ya hana iyayenmu zuwa inda muke, mu ne za mu ajiye girman kai mu je inda suke, ko da za mu rasa abin da ake yaba mu a kansa. Wanda nasa suke raye, ya sauka ya gaishe su yau, ko sun gane shi ko ba su gane shi ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai bukatar jin wannan.