Mai Kumfa da Safar Hannun Aro

Akwai wani mai haɗa sabulu, jama'a, da kowa ke kira Mai Kumfa. Wajen gaisuwa ba shi da laifi, amma wajen aiki in ya ce e, to e ce, ko da duk duniya na ganin a'a. Da durom ɗaya ya fara a bayan gidansa. Yanzu yana da rumfar kwano mai ɗaki biyu da ma'aikata tara. Wannan masana'anta ita ce ransa. Ko ciwon kai ya kama shi, can yake zuwa ya warke.

Biyu daga cikin ma'aikatan sun fi kowa daɗewa. Baba Dogo shi ke juya sabulu a durom da wata ƙatuwar muciya, mutum ne da gaskiya ta yi masa yawa. Sai Inna, mai yanka sabulun sanda-sanda tana jerawa a kan katako. Ita tun zamanin durom ɗaya take tare da shi.

Wata Alhamis aka kawo takarda daga Ma'aikatar Ƙwadago, cewa ranar Talata jami'insu zai zo duba yanayin aiki.

Mai Kumfa ya karanta, ya ja dogon tsaki. "Su waye kuma waɗannan? Mutanen da ke zaune ƙarƙashin fanka ne za su koya mini sabulu? Ranar da nake ɗaukar durom a kaina ina suke?"

Maƙwabcinsa mai walda ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Kai dai bi a hankali. Gidan burodin nan na bakin titi, su suka garƙame shi da kwaɗo makon jiya. Wai ma'aikata ba su da kayan kariya."

A baki Mai Kumfa ya ce, "Su gwada mana!" Amma wunin ranar bai iya cin abinci ba. Da ya kalli ƙofar rumfarsa, ƙaton kwaɗo yake hangowa a jikinta.

Washegari ya nufi kasuwa wajen ƙanin matarsa, wanda ke sayar da safar hannu ta roba, da dogayen takalma, da tabarau na kare ido.

"Aron kwana ɗaya nake so," in ji shi. "Su zo su gani, su tafi, in dawo maka da kayanka."

Ƙanin matar ya sosa ƙeya. "Yaya, ba zan hana ka ba. Amma yadda suka fita haka za su dawo. Ko ɗigo ɗaya ya taɓa su, sun zama naka."

Ranar Litinin da la'asar Mai Kumfa ya tara ma'aikata ya raba wa kowa nasa. Ya kafa musu doka yana kaɗa yatsa: "Gobe kowa ya sa. Amma wallahi duk wanda ya ɓata mini kayan nan, ni da shi ne. Kun ji ko? Ko ƙura ban yarda ta hau su ba."

Suka ce sun ji. Kuma sun ji ɗin, har fiye da yadda yake so.

Safiyar Talata ya ci ado, ya fesa turare, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran ƙatuwar mota. Ko cikin rumfar bai leƙa ba, don kada warin sodar haɗa sabulu ya kama masa riga. Can sai ga wata dattijuwa tafe a ƙasa, da lema da tsohuwar jaka a hammata.

"Hajiya, yau ba ma ciniki," ya ce da ita. "Manyan baƙi muke jira."

Ta yi murmushi, ta zaro kati ta nuna masa. "Ni ce manyan baƙin, Malam. Mu shiga?"

Kai! Mai Kumfa ya rusuna har hularsa ta kusa faɗuwa. "Ranki ya daɗe, bismillah, bismillah. Ki ga yadda muke kula da ma'aikata a nan."

Suna shiga suka ji ƙara ta cika ɗakin, kayau-kayau, kayau-kayau. Ashe ma'aikatan nan, don tsoron ɓata kayan maigida, kowa ya samo baƙar leda ya ɗaure a kan takalmansa, ya ɗaure wata a kan safar hannunsa. Tabarau kuwa suna rataye a ƙusa cikin kwalayensu, ko buɗewa ba a yi ba. Baba Dogo ya tsaya can nesa da durom, ya miƙa muciya da ƙyar yana juyi da bakin yatsu.

Jami'ar ta matsa kusa da shi. "Baba, sannu da aiki. Wannan ledar fa ta mece ce?"

"Ta kare safar ce, 'yata."

"To ita safar me take karewa?"

Baba Dogo ya ɗan yi tunani. "Wallahi ban sani ba tukuna, jiya muka haɗu da ita. Ta aro ce, gobe za ta koma kasuwa."

Mai Kumfa ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuwa Hajiya dariya ta kama ta, har sai da ta dafa ginshiƙi tana share hawaye da gefen mayafi.

"Shekara ashirin da shida ina wannan aiki," ta ce, "yau ne na fara ganin ma'aikaci yana kare kayan kariya da jikinsa."

Mai Kumfa ya matsa kusa da kunnen Baba Dogo, ya yi masa raɗa cikin haushi. "Ka gama aiki a gidan nan. Yau ɗin nan."

Ashe kunnen Hajiya garau yake. "Malam, korar ma'aikaci don ya amsa mini tambaya, wannan ma ofishinmu ake kawo shi. Ka fi so in buɗe maka fayil biyu?"

"Haba, ranki ya daɗe, wasa nake! Ni da Baba haka muke tun da."

"Madalla. To kowa ya cire leda da safa, hannuwa nake son gani."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Inna sai ta daina murmushi. Tafin hannun Inna duk ya tsattsage, fatar yatsu ta yi fari ta saɓule, farce biyu sun cinye har nama.

"Inna, tun yaushe?"

"Ai mun saba, 'yar nan. Soda ce. In na shafa mai sai ya lafa."

Mai Kumfa ya kalli hannuwan nan. Shekara goma sha takwas yana karɓar sabulu daga cikinsu, ya san ƙamshin kowane sanda, amma bai taɓa duba hannun da ke miƙo masa ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ta fi ta ledar ciwo nesa ba kusa ba.

Hajiya ta kife wani bokiti ta zauna, ta ce shi ma ya samu wuri.

"Na san abin da kuke cewa, wai mu 'yan zaman fanka ne. Bari in gaya maka mafarin wannan ma'aikata. Zamanin kakana babu ita. A injin yankan katako ya yi aiki. Ranar da injin ya ci yatsunsa uku, sannu kawai aka ce masa, washegari aka ɗauki wani. Ba shi da ƙofar da zai je ya buga. Da koke ya yi yawa, ma'aikata suka fara haɗa kai suna ajiye aiki, sai gwamnati ta buɗe wani ɗan ofishi. Tebur ɗaya, jami'i ɗaya, da keke."

"Keke?" in ji Baba Dogo.

"Keke, Baba. Da shi yake zagaya wuraren aiki yana rubuta abin da ya gani. Daga rubutun nan aka fara yin dokoki: awa nawa mutum zai yi a wuni, ranar hutunsa, abin da za a yi masa in ya ji rauni, da hana sa yara aikin da ya fi ƙarfinsu. Ofishin ya yi ta girma har ya zama ma'aikata. Yau in maigida da ma'aikatansa sun saɓa, mu ke zaunar da su a yi sulhu kafin a kai ga yajin aiki. Mai neman aiki mu yi masa rajista, mai son koyon sana'a mu nuna masa hanya. Kai ma, Malam, in ma'aikaci ya zalunce ka, ƙofar nan a buɗe take gare ka."

Mai Kumfa dai abu ɗaya ke cin ransa. Ya ce, "To ranki ya daɗe, rufewa za ki yi?"



"In na rufe yau, mutum tara sun zauna a gida, hannun Inna kuma bai warke ba. Kwana goma sha huɗu na ba ka. Kayan kariya na kowa, nasa na kansa. Famfo kusa da durom, don wanke ido in soda ta fantsama. A fasa taga a bangon can. Hutun kwana ɗaya a mako. Inna kuma ta ga likita. In na dawo na tarar da wasan yau, da hannuna zan sa kwaɗon."

Tana fita Mai Kumfa ya kira ƙanin matarsa a waya. "Kayan nan sun zama nawa."

"Ayya, sun ɓaci ne, Yaya?"

"Ni ne na ɓaci. Ka ƙaro mini wasu."

Kwanakin nan goma sha huɗu bai zauna ba. Mai walda ya fasa bango ya kafa taga, yana yi yana tsokanarsa da sunan Alhaji Leda. Mai famfo ya ja ruwa har gindin durom. Shi da kansa ya kai Inna asibiti, ya zauna a benci yana jira, likita ya ba ta magani ya ce ta huta da yanka kwana goma. Da ma'aikata suka fara ƙorafin safar na sa gumi, bai yi faɗa ba. Ya zura tasa, ya ɗora tabarau a kan ƙaton hancinsa, ya karɓi muciya a hannun Baba Dogo ya yi juyi har azahar. Daga ranar ba wanda ya sake cewa uffan.

Hajiya ba ta jira kwanakin sun cika ba, a na goma sha uku ta faɗo musu ba sanarwa. Ta murɗa famfo, ruwa ya zubo. Ta leƙa taga. Ta tambayi Baba Dogo ranar hutunsa, ya ce Asabar, har ya fara gundura da zaman gida. Mai Kumfa na binta a baya. Ta zaro takarda ta sa hannu, ta miƙa masa.

"Ci gaba da sabulunka, Malam."

Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya zauna a kan bokiti. Ma'aikata suka kaure da shewa, mai walda yana buga ƙarfe ta bayan katanga.

Ana cikin haka Inna ta matso kusa da shi, ta cire safa ta buɗe masa tafin hannunta. Tsagar ta haɗe, sabuwar fata ta fara fitowa.

"Maigida, jiya na yi wa jikata kitso," ta ce. "Shekararta shida, wannan ne karon farko da ta zauna har na gama. Da can da na taɓa kanta sai ta gudu, wai hannuna na karce ta."

Mai Kumfa ya dubi hannun. Ya ce, "Inna, ki yafe mini."

"Na yafe, ɗan nan. Tashi mu koma aiki, sabulu zai daskare."

Darasi: Dokar ƙwadago ba don a takura wa mai sana'a aka yi ta ba, don lafiyar mutanen da ke yi masa aiki ne, kuma sai da wasu suka rasa yatsunsu kafin a rubuta ta. Kada ka gyara wurin aikinka don idon jami'i, ka gyara shi don wanda ke wuni a ciki. In kana da ko da ma'aikaci ɗaya ne, yau ka duba hannunsa. Ku tura wannan labari ga duk maigidan da kuka sani, da duk ma'aikacin da bai san yana da inda zai kai kuka ba.