Kujerar da Milutin ya jingina

Akwai wani dattijo a garin Nish mai suna Radovan, wanda ya shekara talatin yana gyaran na'urorin caca kafin ya yi ritaya. A shagon gahawar unguwarsu "Injiniya" ake kiransa, kuma bai taɓa biyan kuɗin gahawa ba, domin kowa na ganin ya san sirrin na'urorin caca ukun da ke jikin bango.

Wata safiya maƙwabcinsa Milutin ya dafa kafaɗarsa.

"Injiniya, rowa ba kyau. Wacce na'urar ce ta nuna, ta kusa zubo kuɗi?"

Radovan ya san amsar gaskiya. Na'urar ba ta tuna komai. Lambobi ne ke juyawa a cikinta ba tsayawa, kowane dannawa sabon lissafi ne, kuma an ƙera ta ne ta riƙe wa mai ita kaso. Amma mutum shida sun yi tsit suna kallonsa. Sai ya ƙwanƙwasa ta lungu da yatsa.

"Wannan kwana uku tana haɗiya, ba ta yi amai ba."

Aka yi dariya. Milutin bai yi ba. Ya jingina kujera a jikin na'urar, alamar an kama wuri, ya nufi gida da sauri. Radovan ya ga fitarsa, ya ga dawowarsa da ambulan, ya ci gaba da kurɓar gahawa.

Kuɗin itacen jin ɗumin gidansa na lokacin sanyi ne a ciki. Kafin azahar na'urar ta haɗiye su, babu dinari ko ɗaya.

Bayan mako biyu Radovan ya haɗu da Zorka, matar Milutin, a ƙofar gida, tana sanye da riguna biyu saboda sanyi.

"Maƙwabci, mijina ya ce wai mai itace ba zai kawo ba sai watan gobe. Ka taɓa jin haka?"

Ya kasa kallonta.

Washegari ya tsaya a tsakiyar shago ya ce, "Ba na'urar da ke nuna. Ban san komai ba, ban taɓa sani ba."

"To tsohon banza, me ya sa ka faɗa?" in ji Milutin.

"Daɗin yadda kuke kallona nake ji."

Ya biya gahawarsa ya fita. Da baro ya kwashe rabin itacensa zuwa gidan Milutin, sawu goma sha ɗaya. Zorka ta dubi tulin, ta dubi mijinta, ta gane.

"Yanzu gida biyu ne za su ji sanyi a Fabrairu," ta ce. Ta rufe ƙofa.

Darasi: Ba wanda ke bin na'urar caca bashin nasara, don haka kada ka kai mata abin da gidanka ba zai iya rasawa ba. Idan kuma ka san gaskiya, faɗe ta tun kafin a jingina kujera. Ku tura wa wanda kuka san yana jiran ta nuna.