Hawainiya Ta Sauya Adireshi

An yi wata Hawainiya mai rini a dajin Kwarin Ɗinya. Gwana ce ta gaske, sai dai akwai ta da son a sani. Tana da shafi a intanet, kuma duk wanda ya nemi "rini mai kyau", sunanta ke fara fitowa. Kunkuru, abokin sana'arta mai sanyin jiki, yana can na bakwai.

Tururuwa ce ke tsara jerin sunayen. Kullum tana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, wanda ta ga jama'a sun fi yabawa sai ta ɗaga shi sama.

Ana nan sai labari ya bazu cewa Giwa za ta yi wa ɗanta aure, tana neman mai rina anko. Hawainiya ta sa wa aikin nan rai. Amma a ganinta adireshin "rinin-hawainiya" ya cika ƙauyanci. Nan take ta rufe shi, ta buɗe "fadar-sarauniyar-launi".

"Haba Yaya!" in ji Tururuwa. "Ki bar alama a tsohon, wadda za ta tura mutane sabon mana."

"In tuna wa duniya wancan kangon? Allah ya kiyaye!"

"Ni fa adireshi na sani, ba fuska ba. Duk yabon da aka yi miki, a tsohon yake."

"Ke dai ja 'yan ƙafafunki ki ba ni wuri. Wa bai san ni ba?"

Washegari Tururuwa ta leƙa tsohon adireshi, wayam! Ta goge shi. Sabon kuwa ba wanda ya taɓa yabonsa, ta kai shi can ƙasa cikin baƙi.

Giwa ta bincika, ta duba na farko, na biyu, har ta kai kan Kunkuru, ba Hawainiya. Wa ke da lokacin gangarawa can ƙasan jeri? Ta zaɓi Kunkuru, wanda samfurinsa ya yi mata.

Da Hawainiya ta ji, ta yi ja, ta yi kore, ta yi baƙi ƙirin don takaici. Ranar biki ga ta a rumfa, sanye da ankon da Kunkuru ya rina.

"Kai, ya yi miki kyau!" in ji Kunkuru. "A ina kike yanzu? Kwana biyu har ni na neme ki na rasa."

Darasin wannan labari shi ne, in za ka sauya adireshin shafinka, ka bar abin da zai kai mutane sabon. In girman kai ya hana ka, masu nemanka za su tafi wurin wanda suka samu.